Bayan aikin sauya gwiwa: satuttukan farko a gida ne ke nuna yadda ƙafa za ta kasance

A gidaje da dama na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai labarin kusan iri ɗaya ne. Tsohuwa ko tsoho ya shafe shekaru yana fama da ciwon gwiwa, har ta kai zuwa masallacin unguwa ko gidan suna ya gagare shi. A yi hoto, likita ya ce guringuntsin gwiwar ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi, babu sauran magani sai aiki. Ƴaƴan da ke Abijan, Kano, Aljeriya ko Faransa su haɗa kuɗi, a yi aikin a cikin ƙasa ko a fita zuwa Tunisiya ko Indiya. Ranar da aka sallami majinyaci sai a watsa hotonsa a WhatsApp na dangi, kowa na cewa Alhamdu lillahi, an gama.

Ba a gama ba. Likitocin ƙashi sun daɗe suna jan hankali cewa abin da aka yi a ɗakin tiyata rabin aiki ne, sauran rabin yana cikin watanni ukun farko, kuma yawancinsa a tsakar gida ake yin sa. A nan ne kuma lissafin iyali ke yawan tsayawa: an tanadi kuɗin jirgi, na asibiti da na masauki, amma babu wanda ya ware ko dala don mai motsa gaɓɓai, wanda aka fi sani da kine.

Shi aikin kansa bai cika wuce awa biyu ba. Likita yana share ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, wuraren da suka lalace, ya rufe su da ƙarfe, sannan ya sa wata roba mai ƙarfi a tsakani don ta maye gurbin guringuntsi. Wani bincike da masana na jami'ar Bristol ta Ingila suka wallafa a mujallar The Lancet a shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 82 cikin 100 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 ba a sake taɓa su ba. Ƙarfen dai yana da ƙarko. Abin da ke ba da wahala shi ne naman da ke kewaye da shi: tsokar cinya da ta yi shekaru tana ramewa saboda rashin tafiya, da jijiyoyin da aka yanka aka ɗinke.

Gwiwar da ba a lanƙwasa ba sandarewa take

A asibiti ana tayar da majinyaci tsaye tun ranar aikin ko washegari. Wannan yakan ba ƴan jinya mamaki, wasu ma su ga kamar rashin tausayi ne. Dalilin shi ne jiki yana cike wurin da aka yanka da tabo ta ciki, kuma wannan tabon yana da taushi a satuttukan farko, daga baya ya yi tauri. Idan gwiwa tana lanƙwashewa tana miƙewa kullum, tabon zai bi motsin. Idan aka bar ta a kwance, zai ɗaure ta a inda ya same ta.

Da digiri ake auna lanƙwasar. Tafiya a fili tana buƙatar kamar digiri 65. Tashi daga kujera ba tare da an kama mutum ba yana buƙatar kamar 90 ko fiye kaɗan, kuma shi ne abin da kine ke son gani a wajen sati na 2. Yawancin waɗanda suka warke da kyau suna tsayawa tsakanin 110 da 125. Wanda ya kai sati 6 zuwa 12 gwiwarsa ba ta kai 90 ba, sau da yawa sai an mayar da shi asibiti, a yi masa allurar barci a lanƙwasa ta da hannu don tabon ya saki. Ga wanda aka yi wa aiki a Tunis ya dawo Tasawa ko Madawa, wannan ba ƙaramin ɗawainiya ba ce.

Miƙewa ma haka take, kuma ita aka fi mantawa da ita. Jikan da ke son kakarsa ta ji daɗi zai ɗauko matashi ya cusa mata a ƙarƙashin gwiwa. Za ta ji sauƙi nan take, ta sa masa albarka. Amma gwiwar da ta saba kwana a lanƙwashe ba ta miƙewa sarai daga baya, mutum ya riƙa ɗingishi alhali an kashe masa miliyoyi. Matashin a ƙarƙashin diddige ake sa shi, a bar gwiwar ta sauka da kanta.

Tausa: wace iri, kuma yaushe

Babu abin da ya fi zuwa kusa da hannun Bahaushe kamar tausa idan ƙafa tana ciwo, kuma tana da amfaninta. Sai dai akwai wadda ke taimako, akwai wadda ke iya kashewa.

Bayan irin wannan aiki jini yana saurin daskarewa a jijiyoyin sha-raɓa, shi ya sa ake ba majinyaci allurai ko ƙwayoyin tsinka jini na sati biyu ko fiye. Idan sha-raɓar ta kumbura fiye da ɗayar, ta yi zafi, tana ciwo idan an taɓa, to ba wurin tausa ba ne. Matsa ta na iya ɓalle gudan jinin ya tafi huhu. Asibiti ake nufa a ranar. Idan kuwa numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji ya ɗauki ciwo, ba a jiran gari ya waye.

Tausar da ke taimako mai sauƙi ce: shafa da tafin hannu, daga ƙasa zuwa sama wajen cinya, ƙafar tana ɗage sama da ƙirji, don ruwan kumburi ya koma. Tsokar cinya ta gaba da ta baya, wadda ke ɗaurewa bayan motsa jiki, ita ma tana son a murza ta a hankali. Shi kuwa tabon aikin ba a taɓa shi sai an cire ɗinki, wanda ake yi tsakanin kwana 10 da 14, ɓawon ya faɗi da kansa, wurin ya bushe sarai. Wannan yakan kai sati 4 zuwa 6. Daga nan ana iya sa ɗan man kaɗanya mai tsabta a yatsa, a riƙa zagaya tabon na ƴan mintoci, don kada fatar ta manne da abin da ke ƙarƙashinta.

Masu ɗori suna da matsayinsu a gari, kuma mutane da yawa sun yarda da hannunsu. Amma gwiwar da aka sa wa ƙarfe ba targaɗe ba ce, ba karaya ba ce, babu abin da za a ja a mayar. Tsaga, ƙaho da shafa haɗin da ba a san abin da ke ciki ba sun fi haɗari: ƙwayar cuta idan ta kai ga ƙarfen tana manne masa, magani ba ya cika fitar da ita, wani lokaci sai an ciro ƙarfen gaba ɗaya. Mutum ɗaya ko biyu cikin 100 ne ke gamuwa da wannan, amma masu ciwon suga sun fi kusa da shi. Ja da ke yaɗuwa, ruwa ko mugunya daga ɗinki, da zazzaɓi, duk alamu ne da bai kamata a ce masassarar cizon sauro ce kawai a sayo magani a kanti ba.

Sai gashi da ruwan zafi, wanda tsofaffi ke so ƙwarai. Fatar da ke gefen tabon ta waje takan mutu na wani lokaci saboda wata ƙaramar jijiya da ake yankewa wajen aikin. Mutum na iya ƙonewa a nan bai ji ba. Bugu da ƙari zafi yana ƙara kumburi. A satuttukan farko ƙanƙara ce abokiyar gwiwa: a naɗe ta a tawul, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Ƙanƙarar leda da ake sayarwa a unguwa ta wadatar, kuma a lokacin bazara da wuta ke yawan ɗaukewa ya kamata a san gidan da za a riƙa samu tun kafin majinyaci ya iso.

Ruwa yana ɗauke nauyi

Dalilin da ya sa ake yabon ninƙaya mai sauƙi ne. Mutumin da ruwa ya kai wa ƙugu, gwiwoyinsa suna ɗauke da kusan rabin nauyinsa ne kawai. Idan ya kai ƙirji, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Motsin da ke sa hawaye a tsakar gida sai ya zo da sauƙi a cikin ruwa, kuma ruwan da kansa yana turjiya, tsoka ta yi aiki ba tare da an buga gaɓa da ƙasa ba. Ba sai mutum ya iya ninƙaya ba. Tafiya gaba da baya a gefen da ba zurfi, hannu na riƙe da bakin kwamin, minti 10 zuwa 15 a farko, ta isa. Wanda ya iya, ya fara da salon da ake kaɗa ƙafa sama da ƙasa, ya jinkirta salon kwaɗo domin yana murɗa gwiwa.

Sharaɗin shi ne ciwon ya rufe gaba ɗaya kuma likita ya ba da izini. Sannan a kwamin ninƙaya mai tsabta, mai matakala da abin riƙewa. Kogin Isa, tafkin Madarunfa da gulaben damina ba sa cikin lissafi: ga tsargiya, ga laka mai santsi, ga ramin da ido ba ya gani.

Gaskiyar magana, wannan shawara an fi rubuta ta don ƙasashen da kowace unguwa ke da kwami. A nan, in ka cire Yamai da wasu otal-otal, samunsa da wuya, kuma Hajiya mai shekara 65 ba lalle ta yarda ta shiga ruwa a gaban baƙi ba. Wanda bai samu ba bai rasa komai na dole ba. Keken motsa jiki da ke tsaye wuri ɗaya yana yin kusan aikin: a ɗaga sirdin sama, a fara da rabin zagaye gaba da baya har ranar da ƙafar za ta iya kewayawa. Ga ɗan da ke waje yana tambayar me zai aiko, wannan ya fi kwalin man zafi amfani.

Kaɗan-kaɗan, kullum

Majinyata iri biyu ne ke ba kine wahala. Akwai wanda aka kwantar, ana kawo masa komai har ruwan alwala, ƴan dubiya suna shiga suna fita suna cewa kada ya wahalar da kansa. Akwai kuma wanda ya ji sauƙi a sati na 3 ya yar da sanda, ya tafi kasuwa ko ta'aziyya ya wuni, ya dawo gwiwa ta yi suntum, ya kwanta kwana huɗu. Na biyun yakan ɗauka aikin ne ya lalace, alhali garaje ne.

Abin da ake so shi ne tafiya gajera sau da yawa: minti 5 a tsakar gida kowace awa ɗaya ko biyu, a riƙa ƙara kaɗan duk bayan ƴan kwanaki. Gwiwar ce ke ba da amsa. Idan ciwo da kumburin da motsi ya tayar sun kwanta kafin safiya, an yi daidai. Idan an tashi da su sun fi na jiya, an wuce gona da iri, sai a rage a ranar, ba a daina ba. Da sanyin safiya da bayan la'asar ya fi, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Rairayin titunan unguwa yana cinye ƙarfin ƙafa kuma sanda tana nutsewa a ciki, don haka a fara a daɓe ko siminti. Kabu-kabu kuwa a haƙura da shi har sai likita ya yarda. Faɗuwa ɗaya na iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen.

Maganin ciwon da likita ya rubuta a sha shi kamar rabin awa kafin motsa jiki, domin wanda ke jin zafi ba ya lanƙwasawa. A tsaya a kan takardar likita. Tiramol ɗin masu talla, wanda kowa ya san ɓarnar da ya yi wa matasa, ba shi da wuri a ɗakin tsohuwa.

Yawancin mutane suna ajiye sanduna a wajen sati na 6, su koma harkokin yau da kullum a wata na 3. Kumburi na iya kai wata 6, ɗumin gwiwar ma har shekara. Kuma bincike ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar yana ci gaba da jin wani ciwo ko bayan an warke, abin da ya kamata iyali su sani don kada su zargi tsohon da raki.

Tambayar da tsofaffi suka fi yi ita ce ta salla. Zaman tahiya da tsugunno suna buƙatar lanƙwasa ta digiri 140 ko fiye, abin da yawancin gwiwoyin ƙarfe ba sa kaiwa. Wasu suna samun yin sujada bayan watanni, wasu kujera ce har abada, kuma malamai sun yi ittifaƙi cewa wanda ya kasa tsayuwa ko durƙuso yana yin salla a zaune. Tabarma da katifar ƙasa su ma sai an canja su da gado da kujera mai tsayi mai hannuwa. Masai na tsugunno shi ne babbar matsala a yawancin gidaje, kuma maganinsa ba tsada: kafinta ko mai walda na unguwa zai iya haɗa kujera mai huda a tsakiya, a kafa ƙarfen riƙewa a bango.

Kafin a baro asibitin da aka yi aikin, musamman in a waje ne, mai rakiya ya karɓi rahoton tiyata, sunan irin ƙarfen da aka sa, hotunan bayan aiki da jadawalin motsa jiki a rubuce, ya kuma ɗauki bidiyon yadda kine ke yin kowane motsi a wayarsa. A tambayi likita ranar da ya dace a hau jirgi, domin dogon zama yana ƙara haɗarin daskarewar jini. Ana samun masu kine a manyan asibitocin birane, kamar babban asibitin ƙasa na Yamai, wasu kuma suna zuwa gida in an yi ciniki. A nemi lambar ɗaya daga cikinsu a tsayar da ranar farko tun majinyaci bai sauka daga jirgi ba.