Tsarabar Ganyen Shayi: Ɗanɗana Kafin Ki Saya

Maganarmu ta yau ta shafi uwargidan da Allah Ya nufa da tafiya ƙasar waje, ko aikin Hajji, ko ziyarar dangi a Jamhuriyar Nijar. Mu nan Sakaba da sauran ƙasar Zuru, matafiyiya ba ta dawowa hannu rabbana. Ganyen shayi tsaraba ce mai auki, ga rashin nauyi, amma mata da yawa sukan yi asarar guzurinsu a kansa, domin kyan gwangwani ya ruɗe su.

Da farko ki sani, baƙin shayi da kore duk itace ɗaya ne, wajen gyaran ganyen suka bambanta. Baƙin da za ki tarar a kantunan Makka da Madina ba a can ake noma shi ba. Yawanci daga Sri Lanka yake zuwa, ko Indiya, ko Kenya. Sri Lanka ita ce ake kira Silon kafin 1972, shi ya sa har yau ake rubuta Ceylon a jikin kwali. Idan kin ga tambarin zaki riƙe da takobi, to ganyen can ne tsantsa, kuma a can aka ƙunsa shi. Koren da Buzaye suke dafawa har sau uku a ƙaramar buta kuwa, mutanen Sin ne suke noma shi.

To, yaya za ki gane mai kyau? Ki roƙi mai kanti ya zuba miki kaɗan a tafin hannu. Ganye nagari a murɗe yake, launinsa ɗaya, ba tsinke, ba gari. Ki sansana, in kin ji warin funfuna ki bar masa abinsa. Ki fara sayen ɗan ƙaramin ƙunshi ki kai masauki. Ki barbaɗa kaɗan a jiƙaƙƙiyar farar takarda, in ta rine nan take, an sa masa rini ke nan. Sa'an nan ki zuba cokali ɗaya a kofin tafasasshen ruwa, ki rufe minti 4, ki kurɓa ba sukari ba madara, domin su ne suke rufa wa mugun ganye asiri. In ya yi miki, kya koma ki sayo da yawa, bayan kin duba nauyinsa da ranar lalacewarsa.

Wajen ɗaure kaya kuma a yi hattara. Shayi yana zuƙar wari, kada ki haɗa shi jaka ɗaya da turare ko sabulu, in ba haka ba maigida zai sha turare da safe! A gida ki adana shi a gwangwani mai murfi, nesa da murhu da daddawa.

Masu juna biyu da ku 'yan makaranta, kada ku kora tuwo da shayi, domin yana tauye wa jiki samun sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Ku bari sai bayan awa guda.

Wadda ba ta sami tafiya ba kada ta damu. Mu ma muna da namu, wanda ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Ki gwada shi kamar yadda na bayyana, ki gani. Sai mako mai zuwa, Allah Ya kai mu.