Abin Da Ke Busar Da Naman Zabo A Tukunya

A ƙauyukan Urafane, arewa da Tasawa, in baƙo mai daraja ya sauka, zabo ake kamawa a yanka masa. Sai dai sau da yawa romon kan yi daɗi, ƙirjin kuwa kamar kana tauna igiyar kaba. Sai uwargida ta ce ai zabon ne ya tsufa. Ni kam ban ɗora wa tsuntsun laifi ba, wutar nake zargi.

Zabo, na gida ko na daji, wuni yake yana gudu yana kiwo, saboda haka ba ya tara kitse kamar kajin gidan gona. Haka talotalon daji yake a Amurka, kuma mafarautan can irin wannan kukan suke yi. 

Kusan kashi uku cikin huɗu na tsoka ruwa ne. Da zafi ya haura digiri 60, zaren tsokar sai ya fara takurewa yana matse ruwan waje, kamar yadda ake matse wanki. Digiri 74 ya isa ya kashe ƙwayoyin cuta a naman tsuntsu, alhali tukunya mai tafasa tana wajen digiri 100. To ƙirji ba shi da kitsen da zai rufa masa asiri. Duk mintin da ya ƙara bayan ya nuna, asara ce.

Cinya kuwa akasin haka take. Cike take da jijiya, ita kuma jijiya sai an daɗe ana dafa ta a ƙaramar wuta kafin ta narke ta koma wannan danƙon da ke kama leɓe in ana shan farfesu. Ka ga ke nan nama biyu ne a jikin tsuntsu ɗaya, kowanne da wutar da yake so, mu kuwa muna zuba su tare mu sauke su tare. Nan gizo ke saƙar.

Maganin ba ya buƙatar firji ko tanda. A fara sa cinyoyi da fukafukai da wuya a tukunya mai murfi, da albasa da ɗan man gyaɗa ko man shanu, a janye itace har ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan. Sai sun kusa laushi a saka ƙirjin, minti 15 zuwa 20, har jan da ke cikinsa ya ɓace.

Gishiri ma yana da aikin da ya wuce ɗanɗano: yana sassauta zaren tsoka ta yadda za ta riƙe ruwanta. Cokali uku a lita ɗaya ta ruwan randa mai sanyi, a jiƙa ƙirjin kamar awa guda, kada a wuce haka da zafin bazara. Kanwa tana tausasa nama, gaskiya ne, amma in ta yi yawa sai miya ta yi ɗanɗanon sabulu. Ni na fi son a naɗe tsohon zabo cikin ganyen gwanda da aka murza.

In an sauke, uwargida, ki bar shi a rufe na minti goma kafin ki sa wuƙa.