Daga Tsumma Zuwa Ado: Fasahar Sarrafa Tsofaffin Tufafi da Buhuna a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Idan ana maganar sana'ar tufafi a ƙasar Kano, abin da ke fara zuwa a rai shi ne marinar Ƙofar Mata, da turkuɗin Kura, da manyan riguna masu aska takwas. Akwai kuma wata fasahar da ba a cika ambatonta ba, domin a cikin gida ake yin ta, kuma kayan aikinta abin da aka gama amfani da shi ne. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake mayar da tsofaffin zannuwa da ƙyallayen tela da buhunan taki su zama kayan amfani da na ado a garuruwan yammacin Kano, irin su Jama'a da Getso da Kutama a ƙaramar hukumar Gwarzo, da Garo da Durun a ƙaramar hukumar Kabo. Manufa ita ce a nuna cewa aikin yana da ƙa'idoji da tarihi, kuma ya cancanci nazari kamar saƙa da rini.

Tushen Fasahar

Haɗa ƙyalle da ƙyalle daɗaɗɗen abu ne a wurin Bahaushe. Masaƙin gargajiya siraran layuka yake saƙawa, sannan a jera su gefe da gefe a ɗinke, su zama gwado ko luru ko riga. Don haka idon Bahaushe ya saba da ganin tufa guda da aka gina daga sassa masu yawa. Haka nan dabarar cusa abu mai laushi tsakanin ƙyalle biyu a bi shi da layukan ɗinki ta daɗe. Ita ce dabarar lifidi, wanda tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji (1390–1410), kuma har yau ana ganin 'yan lifidi a hawan salla. Matar da ke ɗinka abin shimfiɗa da tsumma waɗannan dabaru biyu take amfani da su, ko da ba ta taɓa ganin masaƙa ba.

A da tufa abu ne mai tsada, saboda sai an noma auduga, an gurje, an kaɗa zare, an saƙa kafin a samu zane ɗaya. Shi ya sa zane yake bin matakai kafin ya ƙare. Yakan fara a matsayin kayan fita unguwa, ya koma na zaman gida, ya zama majanyin goyo, sannan a yayyaga shi a yi gammo, ko lagwanin fitila, ko 'yar tsana, ko ƙwallon da yara za su buga.

Aikin Ƙyalle

Wadda za ta haɗa mayafin gado ko rigar matashi takan fara da tara ƙyallaye, nata da waɗanda ta samo daga wurin tela. Mataki na farko shi ne wanki, don duk ƙyallen da zai zuba ko zai tsuke ya yi tun kafin ɗinki. Na biyu shi ne rarrabewa. Ana haɗa atamfa da atamfa, shadda da shadda, domin idan aka gwama mai kauri da mai taushi, mai kaurin zai ja ɗan'uwansa har ya yage a bakin ɗinki. Daga nan sai a yanka su daidai wa daida, masu kusurwa huɗu ko uku, a baje su a kan tabarma a duba yadda launuka suka zauna. A nan ne gwaninta take bayyana. Gwana takan raba launi mai duhu da mai haske, ta maimaita wani launi ɗaya a wurare da dama don ido ya samu abin bi. Bayan an ɗinke fuskar, sai a shimfiɗa tsohon zane a bayanta, a bi su da layukan ɗinki don kada su rabu. Guntayen da suka yi ƙanƙanta su ne ake cusawa a matashi ko katifa.

Aikin Buhu da Leda

Yankin Gwarzo da Kabo ƙasar noma ce, saboda haka buhun taki da na hatsi ba ya yankewa a gida. Idan buhu ya huje, ana farke shi a haɗa da wasu a ɗinka babbar shimfiɗa ta shanyar hatsi. Idan ya wuce haka, sai a warware shi zare-zare. Maza sukan murza zaren su tufka igiyar ɗaure dabba ko ta guga, kuma sirrin tufka shi ne a murza kowane sili ta fuska ɗaya, a naɗe su tare ta ɗaya fuskar, yadda kowanne zai riƙe ɗan'uwansa. Mata kuwa sukan yi amfani da zaren buhu da ledoji masu launi wajen ɗinkin faifai. Ana ɗaukar ɗan damin ciyawa ko kaba a matsayin ciki, a riƙa naɗe shi da zare ana soke shi a jikin zagayen da ya gabata, daga tsakiya har zuwa baki. A da rinanniyar kaba ce ke fitar da zane, yanzu leda ta shiga wurinta a hannun masu yawa. Kayan aiki ne ya sauya, dabarar tana nan yadda aka gada.

Yadda Wasu Al'ummu Suka Ɗauki Irin Wannan Aiki

A yankin Bengal na Indiya da Bangaladash, mata sukan jera tsofaffin tufafinsu su ɗinke su zama mayafin da ake kira kantha. A Senegal, mabiya Baye Fall na ɗarikar Muridiyya sun shahara da riguna masu faci-faci. A Amurka, mayafan da matan ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama suka ɗinka da tsofaffin kayan aikin gona sun shiga manyan gidajen baje kolin fasaha a shekarar 2002. A nan Nijeriya ma, El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka tun 1975, ya yi suna a duniya da manyan labulaye da yake haɗawa daga murafun kwalabe. Abin da ya ɗaga darajar waɗannan ayyuka shi ne an samu masu nazari da suka tsaya suka dube su, suka rubuta tarihinsu.

Ƙalubale

Babbar matsalar wannan fasaha a ƙasar Hausa ita ce kallon da ake yi mata. Kalmar tsumma kanta tana ɗauke da ma'anar talauci, shi ya sa budurwa ba ta son a ga abin faci a ɗakinta na aure. Ga kuma gwanjon Ƙofar Wambai da yadudduka masu araha na Kantin Kwari, waɗanda suka sa sayen sabo ya fi gyaran tsoho sauƙi. Sakamakon haka, dabarun suna tafiya tare da tsofaffin da suka iya su, yayin da leda da yagaggun buhuna ke toshe magudanan ruwa, awaki da shanu kuma suna haɗiyarsu suna cutuwa.

Kammalawa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ilimin da ake buƙata don rage sharar tufafi da leda yana nan a hannun matan karkara da masu tufka. Abin da ya rage wa ɗaliban sassan Hausa shi ne su shiga gidaje a Jama'a da maƙwabtanta, su tattara sunayen zane-zanen faifai da kalmomin ɗinki da tufka daga bakin masu yin su, su ɗauki hotunan ayyukan tare da sunayen masu su. Makarantun koyon sana'a kuma suna iya gayyato waɗannan gwanaye su koyar, domin yarinyar da ta ga ana girmama aikin kakarta za ta so ta koye shi.