Miƙewar gaba da ta wuce awa 4 ciwo ce

Yau za mu yi magana a kan wani ciwo da maza ke ɓoyewa saboda kunya. Gaban namiji ya miƙe, ya ƙi kwanciya, babu sha'awa, sai zafi. Likitoci suna kiran wannan ciwo firiyafizim.

Me ke kawo shi?

Idan gaba ya miƙe, jini ne ya cika shi. Bayan buƙata, jinin ya koma cikin jiki. Wasu magunguna suna hana jinin komawa. Daga cikinsu akwai allurar ƙarfin maza da ake yi a jikin gaba, da wasu magungunan taɓin hankali kamar Largactil, da tarazodon na ciwon damuwa. Ƙwayar Viagra, wadda ta fito a 1998, ita ma takan kawo shi jefi-jefi. Mai amosanin jini, wato sikila, ya fi kowa shiga haɗari, ko bai sha komi ba.

Ina haɗarin yake?

Jinin da ya tsaya ba ya samun iska. Sai ya yi baƙi, ya yi kauri, naman gaba ya fara lalacewa. Wanda ya kwana ya wuni a haka yana iya rasa ƙarfin mazakuta har abada.

Yaya ake magani?

Likitan mafitsara zai yi allurar kashe zafi. Sannan ya sa allura ya zuƙe tsohon jinin, ya wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti. Zai ƙara da maganin da ke matse jijiyoyin jini, yana auna bugun zuciya da hawan jini. In duka ba su yi ba, sai ƙaramin aiki don a buɗe wa jini hanya. Ana samun waɗannan likitoci a manyan asibitoci, kamar na Yamai da Damagaram.

Abin da za a kiyaye

1. In miƙewa ta kai awa 4, a tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.
2. A tafi da kwalin maganin da aka sha.
3. Kada a sayi maganin ƙarfin maza wurin masu talla a kasuwa ko tasha.
4. Mai shan maganin taɓin hankali kada ya bari da kansa. Ya shaida wa likita, ya sauya masa wani.

Kunyar awa guda ta fi nadamar shekaru sauƙi. Allah ya ba mu lafiya.