Jinkirta lokacin shiga aji: Shin zai ƙara wa ɗaliban sakandare barci a Hayin Banki?

A galibin makarantun sakandare na jeka-ka-dawo da ke Kaduna, ana kaɗa ƙararrawar asambuli ne tsakanin ƙarfe 7:30 da 8:00 na safe. Wanda ya makara kuma ya san abin da ke jiran sa a bakin ƙofa: durƙuso ko shara ko bulala. Gadon tsarin aka yi, ba kasafai ake tambayar dalilinsa ba, domin Bahaushe ya riga ya yarda cewa da sanyin safiya ake kama fara. Sai dai kusan shekara 30 ke nan likitoci da masana ilimi a wasu ƙasashe suna nuna cewa wannan sammako yana cutar da rukuni ɗaya na ɗalibai, wato matasan da suka shiga shekarun balaga, har wasu hukumomi suka matsar da lokacin shiga aji zuwa 8:30 ko fiye.

Tambayar da ta shafi iyaye a unguwa irin Hayin Banki, maƙwabciyar Kawo a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, ita ce ko wannan magani zai yi aiki a inda ladan ne yake buɗe safiya tun kafin ƙararrawar makaranta.

Abin da ke faruwa a jikin matashi

Akwai wani sinadari mai suna melatonin da ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya shiga, shi ne yake sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Binciken da Farfesa Mary Carskadon ta Jami'ar Brown da ke Amurka ta shafe shekaru tana yi ya nuna cewa da zarar yaro ya fara balaga, sakin wannan sinadari yakan jinkirta, kuma gajiyar da ke tara barci a ido takan daɗe kafin ta yi nauyi. Jinkirin yakan kai awa ɗaya zuwa biyu. Yaron da a firamare yake ɓingirewa da ƙarfe 9:00 na dare, idan ya kai aji huɗu na sakandare sai a ga idonsa biyu har 11:00, ko da an tilasta masa kwanciya.

Buƙatarsa ta barci kuwa tana nan yadda take. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ƙayyade awa 8 zuwa 10 a kowace rana ga masu shekara 13 zuwa 18. Don haka matashin da aka tayar da sassafe an yanke masa ƙarshen barcinsa ne, kuma a wannan ɓangare ne barcin mafarki ya fi yawa, wanda masana ke dangantawa da daidaituwar zuciya da kuma zaunar da abin da aka koya. Abin da malami yake gani a darasin farko, ɗalibi yana gyangyaɗi ko ya zuba wa allo ido ba ya fahimtar komai, sau da yawa a nan tushensa yake, ko da yake sunan da aka fi ba shi shi ne lalaci.

Inda aka gwada

Birnin Miniyapolis na Amurka yana cikin na farko. A 1997 ya matsar da makarantun sakandarensa daga 7:15 zuwa 8:40, kuma bibiyar da Kyla Wahlstrom ta Jami'ar Minesota ta yi ta nuna zuwa makaranta ya inganta, ɗalibai sun rage barci a aji, kuma masu kukan damuwa sun ragu. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar kada a fara darasi kafin 8:30. Jihar Kalifoniya ta mayar da shawarar doka a 2019, ta fara aiki a 2022.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na birnin Siyatil, wanda a 2016 ya koma 8:45 daga 7:50. Masu bincike na Jami'ar Washinton sun ɗaura wa ɗaliban makarantu biyu na'ura mai kama da agogon hannu, kafin sauyin da kuma bayansa. Iyaye da dama sun yi zaton yaran za su ƙara daren hira ne kawai. Hakan bai faru ba. Lokacin kwanciyarsu bai sauya sosai ba, barcinsu ya ƙaru da minti 34, daga awa 6 da minti 50 zuwa awa 7 da minti 24, makinsu a darasin da aka auna ya ɗaga da kashi 4.5 cikin 100. Wani abin lura shi ne makara da fashi sun ragu ne a makarantar da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi suka fi yawa.

Ba ko'ina labarin ya yi daɗi ba. Jihar Fulorida ta yi irin wannan doka a 2023, sannan ta janye tilascin a 2025 tun kafin ya fara aiki, bayan hukumomin makarantu sun koka da kuɗin ƙarin motoci da direbobi. Cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken lafiya, ta ce a 2017 alamun amfani suna nan amma hujjojin da aka tara zuwa lokacin ba su da ƙarfi. Akwai ma wanda ya bi ta baya: a 2023 gwamnan wani lardi a Indunisiya ya umarci wasu makarantun birnin Kupang su fara da ƙarfe 5:30 na asuba don koya wa yara ɗa'a, iyaye suka yi ca, aka soke tsarin kafin shekarar ta ƙare.

Lissafin Hayin Banki

Duk waɗannan gwaje-gwaje sun ginu ne a kan abu ɗaya: makaranta ce take tayar da ɗalibi, idan ta jinkirta shi ma zai jinkirta tashi. A gidan Musulmi a Hayin Banki abin ba haka yake ba. Alfijir a Kaduna yana ketowa ne tsakanin biyar saura da biyar da rabi, gwargwadon watan da ake ciki, kuma matashin da ya balaga sallar Asuba ta hau kansa. Idan ya kwanta 11:00 ya tashi 5:00, awa shida ya samu. Giɓin awa biyu ke nan a kowane dare, awa goma a kwana biyar. Ko makaranta ta koma 8:30, ladan ba zai jinkirta ba.

Saboda haka awar da za a ƙara ba za ta haɗe da barcin dare ba kamar yadda ta yi a Siyatil. Za ta faɗo ne tsakanin sallame salla da fita daga gida, kuma wannan lokaci yana da masu jiran sa da yawa. Akwai karatun Alƙur'ani na bayan Asuba da makarantun hadda. Akwai ɗibar ruwa a famfon burtsatse. Ɗan ɗan kasuwa ana iya tura shi ya buɗe shago ya share, kafin mahaifinsa ya iso. Ita kuwa 'ya mace, shara da wanke-wanke da dama koko da shirya ƙanne duk a kanta suke, wata ma sai ta zaga da tallan safe kafin ta sa kayan makaranta. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai a jinkirta ƙararrawa da awa guda, yarinyar ba ta ƙaru da barcin minti ɗaya ba, aikinta ne kawai ya ƙaru.

Ko a gidan da babu wannan hidima, komawa barci bayan Asuba abu ne da iyaye da malamai da dama ba sa so, domin suna ɗaukar safiya lokacin albarka. Barcin da al'ada da addini suka fi yarda da shi da rana shi ne ƙailula, ita kuma makarantar boko ta riga ta cinye lokacinta.

Nan ne ɗaya gefen matsalar yake. Duk abin da aka ƙara da safe sai an biya shi da yamma, yammar ɗalibin Hayin Banki kuwa ba tasa ba ce. Islamiyya tana jiran sa bayan La'asar, wasu kuma suna da makarantar dare tsakanin Magariba da Isha ko bayanta. A watannin Maris da Afrilu, ajin da aka rufa da kwano babu silin ba wurin koyon lissafi ba ne da ƙarfe biyu na rana. A makarantun da cunkoso ya sa ake karatun safe da na yamma, jinkirta 'yan safe na nufin 'yan yamma su taso dab da Magariba, kuma babu uban da zai so 'yarsa tana neman Keke Napep a titin Ali Akilu bayan duhu ya fara.

Ma'aikaci ma yana da nasa lissafin. A ranar 1 ga Disamba, 2021, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta koma aikin kwana huɗu a mako, aka sa lokacin ofis daga 8:00 na safe zuwa 5:00 na yamma. Wanda yake sauke yara a makaranta kafin ya wuce ofis, sammakon makaranta rufin asiri ne a gare shi, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da fita sau biyu ta zama asara. A watan Janairun 2022 aka umarci makarantun gwamnati su ma su bi tsarin kwana huɗun. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan ko manhaja za ta ƙare, ba a ji ana maganar barci ba, alhali tsarin ya taɓa shi ta fuska biyu. Cusa darussan kwana biyar cikin huɗu yana tsawaita yini. Hutun kwana uku a jere kuma yana ba agogon jikin matashi damar zamewa zuwa dare, ta yadda safiyar Litinin za ta zame masa kamar wanda ya sauka daga doguwar tafiyar jirgi. Abin da ke rage wannan a unguwannin Musulmi shi ne Islamiyyar safiyar Asabar da Lahadi.

Daren ne ya fi sauƙin taɓawa

Horacio de la Iglesia, wanda ya jagoranci binciken Siyatil, ya taɓa auna barcin wasu al'ummomi biyu na ƙabila ɗaya a arewacin Ajantina, ɗaya tana da lantarki, ɗaya babu. Masu lantarkin sun fi jinkirin kwanciya, barcinsu kuma ya fi gajarta. Ma'ana, jinkirin da balaga ke kawowa gaskiya ne, amma hasken dare yana ƙara masa tsawo, hasken safiya kuma yana janyo shi baya. Kaduna tana da rana mai ƙarfi da ke fitowa kafin ƙarfe 7:00 duk shekara, ba kamar Siyatil ba inda ɗalibi ke fita cikin duhu a lokacin sanyi. Wannan riba ce da ɗalibin Hayin Banki yake da ita kyauta.

Abin da ke cinye ribar sananne ne. Wutar lantarki takan zo ne cikin dare, sai gida ya farka: guga, cajin waya, kallo. Kamfanonin sadarwa suna sayar da data mai rahusa da ba ta aiki sai tsakar dare zuwa asuba, kuma babu wanda ya fi matashi marar kuɗi sanin wannan garaɓasa. Ga gidajen kallon ƙwallo, inda wasannin Zakarun Turai na dare ke tashi wajen ƙarfe 10:00 ko 11:00. A lokacin zafi kuma ɗaki ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Uban da ya karɓe waya da ƙarfe 10:00 zai iya sama wa ɗansa fiye da minti 34 ɗin da Siyatil ta sauya jadawalin birni guda kafin ta samu.

Wannan ba ya wanke makaranta. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan wata makaranta a Buwenos Aires, inda ake raba ɗalibai zuwa karatun safe da na rana da na yamma ta hanyar ƙuri'a, ya gano cewa a cikin 'yan safe, masu ɗabi'ar jinkirin barci sun fi samun ƙarancin maki, kuma abin ya fi tsanani a lissafi da kimiyyar sinadarai. A nan kuwa al'adar masu tsara jadawali ita ce a sa Lissafi da Turanci a darasin farko, bisa zaton ƙwaƙwalwa ta fi sabo. Ga ɗan firamare zaton yana da ƙarfi. Ga ɗan aji shida da zai zauna jarrabawar WAEC, akwai dalilin matsar da su zuwa hantsi, kuma yin hakan ba ya buƙatar ko sisin kwabo ko izinin kowa sai na shugaban makaranta.

Haka batun horon makara. Ɗalibin da ya tako da ƙafa daga Hayin Banki zuwa Unguwar Dosa ko Malali saboda kuɗin mota ya gagara, ya iso 7:50, aka durƙusar da shi har 8:30, ya yi asarar barci kuma ya yi asarar darasin da aka hana shi barcin dominsa. Rage tsawon asambuli, ko mayar da shi kwana biyu a mako, zai ba da kusan rabin awa ba tare da an taɓa lokacin tashi ba.

Idan Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kaduna ko Hukumar Tabbatar da Ingancin Makarantu ta jihar za ta gwada jinkirin kansa, zangon karatu na biyu ne ya fi dacewa da gwaji, domin a watan Janairu rana ba ta fitowa sai bakwai saura, hazo da sanyin hunturu suna ƙara yawan masu makara, zafin rana kuma bai kai ga hana karatun bayan Azahar ba. Kayan awon ma suna nan a kowace makaranta: rajistar kiran suna, littafin masu makara da ke hannun malamin horo, da sakamakon gwajin tsakiyar zango. Abin da zai buƙaci kulawa shi ne a ware lissafin 'yan mata daga na maza, kuma a tambayi kowane ɗalibi ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, da abin da ya yi da awar da aka ƙara masa.