Salamanda: Siffar Ƙadangare, Jinin Kwaɗo

Da za a ajiye salamanda a gindin Dutsen Kwatarkwashi a tara yaran gari su faɗi sunanta, ƙadangare za su ce, wasu su ce kulɓa. Tana da ƙafa huɗu da doguwar wutsiya. Amma ba ta da ɓawo a jiki, ba ta da farce, fatarta kuma a jiƙe take kullum. Danginta na kusa su ne kwaɗin da ke hana mutanen Tsafe barci da zarar kududdufai sun cika a watan Yuli.

Ba a samun ta a Zamfara, balle a neme ta. A duk Afirka sai can arewa, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Gidanta ƙasashe masu sanyi da laima, kuma nau'o'inta sun haura 700. Duwatsun Afalachiya na Amurka ne suka fi tara iri-iri, a Sin kuwa akwai wata ƙatuwa da tsawonta kan kai mita 1.8.

Duk sirrin wannan halitta yana cikin fatarta. Fiye da rabin nau'o'inta ba su da huhu sam, ta fata da cikin baki suke numfashi, shi ya sa bushewa a wurinsu mutuwa ce. Ban da wannan, wata mai suna aksolotil, 'yar tafkin Sochimilko da ke birnin Meziko, in ƙafarta ta gutsure sai wata ta tsiro da ƙashi da jijiya, abin da masana ke bibiya har yau ko za a samo wa ɗan Adam dabara. Fatar salamanda kuma ita ce makaminta. A 1979 wani matashi mai shekara 29 a jihar Oregon ya haɗiye wata salamanda mai kaushin fata don nuna bajinta, bai kwana biyu ba gubarta ta kashe shi. Taɓa ta kawai ba ya kisa, haɗiyewa ce ta jawo masa.

A nan ne maganar ta shafi Bazamfare. Kwaɗon da ke maƙale bayan randa yana da kumburi biyu a bayan idanunsa, masu fitar da farin ruwa mai ɗaci in an matsa masa. Karen da ya cafke shi, nan take bakinsa zai yi kumfa. Yaron da ya yi wasa da shi ya murza ido zai sha raɗaɗi, sai a wanke idon da ruwa mai yawa, in bai lafa ba a nufi asibiti. Kwaɗo da salamanda duka kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa zawo, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa su dole ne, tun kafin a kai loma baki.

Sai dai dabbar ta fi mutum cutuwa da wannan gamuwa. Fatar da ke shan iska tana shan duk abin da ya taɓa ta: man shafawa, gishirin gumi, takin zamani, maganin feshin da ya rage a hannun manomin da ya dawo daga gona a Bunguɗu. Masu bincike kan jiƙa hannu ko su sa safar roba, su riƙe jiki ba wutsiya ba, domin salamanda da yawa kan tsinke ta kamar yadda tsaka ke yi, sannan su mayar da dabbar inda suka ɗauko ta.

Yawo da salamanda daga ƙasa zuwa ƙasa ma haɗari ne. A 2013 aka gano wata cutar fata da ta kusa ƙarar da wani nau'in salamanda a ƙasar Holan, ana kuma ganin daga Asiya ta shigo ta hanyar cinikin dabbobin ado. A 2016 Amurka ta hana shigo da nau'i 201 saboda ita.