Ba kowace faɗuwar dattijo ba ce tsufa: yadda shekaru ke ɓoye cutar PSP

A shekarar 1964 wasu likitoci uku a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wato Steele da Richardson da Olszewski, suka bayyana wa duniya wata cutar ƙwaƙwalwa da ta daɗe tana fakewa a bayan cutar Parkinson. A yau likitoci na kiranta PSP a taƙaice. Asalinta wani sinadari ne mai suna tau da ke dunƙulewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, yana kashe sassan da ke kula da tsayuwar jiki, motsin ido, magana da haɗiya. Ba cuta ce mai yawa ba, domin ƙiyasi ya nuna kusan mutum 5 zuwa 6 ne ke ɗauke da ita a cikin kowane 100,000. Sai dai shekarun da ta sami mutum a cikinsu suna da babban tasiri a kan yadda za a gane ta, ko kuma a kasa gane ta.

Galibi takan fara ne bayan mutum ya haura 60. Ƙa'idojin da masana suka sabunta a 2017 sun gindaya cewa ba a ambaton PSP sai alamun sun fara daga shekara 40 zuwa sama. Idan matashi ɗan ƙasa da haka ya zo da makamantan alamun, likita kan karkata ne ga cututtukan gado, irin su cutar Wilson da ke tara sinadarin tagulla a hanta da ƙwaƙwalwa, wadda kuwa tana da magani.

Wanda ta kama da wuri, yana ɗan 50 da 'yan kai, ya fi faɗawa cikin ruɗanin suna. Sau da yawa takan fara masa da sanyin jiki da sandarewar gaɓɓai, sai a ce Parkinson ce, a ɗora shi a kan maganin Levodopa. Maganin kan ɗan yi aiki na wani lokaci, ko ya ƙi yi sam, shekaru su shuɗe kafin gaskiya ta fito. Mawaƙiyar Amurka Linda Ronstadt ta sanar a 2013 cewa tana da Parkinson, sai daga baya aka gano PSP ce. Ɗan wasan Birtaniya Dudley Moore kuwa an yi ta yi masa kallon mashayi saboda tangaɗi da sarƙewar harshe, har sai da ya bayyana ciwonsa a 1999. Ya rasu a 2002 yana da shekara 66, sanadiyyar ciwon huhu. Mai irin waɗannan shekaru yawanci shi ne ginshiƙin gida, da 'ya'ya a makaranta, saboda haka jinkirin ganewa kan cinye masa lokacin da zai tsara al'amuran iyalinsa da bakinsa.

Wanda ta sama a cikin tsufa kuwa, matsalarsa ita ce ba a ma ɗauka ciwo ba ne. Dattijo ɗan 75 ya faɗi, a ce ƙafa ce ta gaji. Ya rage magana, ya daina damuwa da abin da ke faruwa a gida, a ce halin girma ne. Ga hawan jini da ciwon gwiwa da yanar ido, kowanne na iya ɗaukar laifin. Ko likita ma sai ya yi hattara, domin tsufa kaɗai kan rage ikon ɗaga ido sama. Abin da tsufa bai saba hanawa ba shi ne duban ƙasa, kuma nan ne PSP ke tona kanta.

Wannan alama tana da muhimmanci a gidajenmu, inda ake ajiye kwanon tuwo a kan tabarma. Mai PSP ba ya iya sauke idonsa ya ga abin da ke gabansa, sai ya riƙa zubar da miya a riga, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya kasa bin layin rubutu. Faɗuwarsa ma daban take: ta baya yake tafiya kamar an sare itace, tun a farkon ciwon, alhali mai Parkinson kan jima kafin ya fara faɗuwa. Rawar hannu kuma ba ta cika bayyana ba.

Game da tsawon rai, nau'in da ya fi tsanani kan ɗauki kimanin shekara 6 zuwa 8 daga farkon alamu, mai kama da Parkinson kuma ya fi jan lokaci. Abin da ya fi nuna cewa ciwon zai yi sauri shi ne faɗuwa da wuri, shaƙewa wurin haɗiya da wuri, da raunin tunani da wuri. Tsoho mai wasu cututtukan kuma ya fi saurin galabaita idan ƙashin ƙugu ya karye ko abinci ya zarce huhu.

Har yanzu babu maganin da ke tsayar da PSP, amma sanin sunanta na da amfani. Iyalin da suka sani za su ɗora abinci a kan tebur daidai ido, su zaunar da majinyaci a miƙe yayin ci, su fifita kunu mai kauri a kan ruwa tsararo, su kawar da abin tuntuɓe, su riƙa tsayawa a bayansa idan zai tashi. Za su kuma daina ɓarnatar da dukiya wajen neman karya sammu. Duk gidan da babba ya fara faɗuwa ta baya ba dalili, ko idonsa ya ƙi kallon ƙasa, a nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa, ko shekarunsa 55 ne ko 80.